Wa Ya Tambayi Mutanen Tsibirin?

Ranar 22 ga watan Mayun 2025, Firaministan Birtaniya Keir Starmer da takwaransa na Mauritius Navin Ramgoolam suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta amince cewa tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya na Mauritius ne. Da na ji labarin na yi murna, domin duk ɗan Afirka da ya san yadda aka yanke tsibiran nan daga jikin Mauritius dole ya ji sanyi a ransa. Sai dai a cikin takardar akwai wata saɗara guda da ta tsaya mini a rai. Ta ce Mauritius na iya mayar da mutane su zauna a tsibiran, amma ban da Diego Garcia. Diego Garcia kuwa shi ne babba a cikinsu, can aka haifi da yawa daga cikin waɗanda aka kora, can kakanninsu ke kwance. Bisa takardar, zai ci gaba da zama sansanin sojan Amurka da Birtaniya har shekara 99, Birtaniya kuma za ta riƙa biyan Mauritius haya ta kimanin fam miliyan 101 a shekara.

A daren da za a wayi gari a sa hannu, ƙarar da wasu mata biyu haifaffun Diego Garcia suka shigar a Landan ta sa wani alƙali ya dakatar da bikin cikin tsakar dare. Da rana wani alƙalin ya janye umarnin, aka sa hannu. Kukan matan ba shi da wuyar ganewa: an yi cinikin garinsu ba a shawarce su ba.

Tambayar da duniya ta saba yi a kan tsibiri ita ce, na wace ƙasa ne? Ni a ganina wannan rabin tambaya ce. Ɗaya rabin, wanda ya fi nauyi, shi ne wa ke da haƙƙin kwana a cikinsa, ya kafa kwalekwalensa a gaɓarsa, ya binne mamacinsa a ƙasarsa. Kotuna da gwamnatoci sun ƙware a rabin farko. Rabi na biyu sukan bar shi a ƙasan takarda, in ma sun rubuta shi.

Chagos wasu ƙananan tsibirai ne wajen sittin a tsakiyar Tekun Indiya, kimanin kilomita 500 kudu da Maldives. Tsakaninsu da Mauritius ya haura kilomita 2,000, wato kamar mutum ya je Legas daga Kano a mota ya komo. Murjani ne ya ginu bisa tsofaffin duwatsun ƙarƙashin teku har ya leƙo sama, saboda haka ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kaɗan ta ɗara ruwa tsayi. Diego Garcia siriri ne, ya lanƙwashe kamar kofaton doki, ya rungume wani makeken ruwa mai zurfi wanda iska ba ta damunsa. Wannan ruwan na tsakiya shi ne arzikinsa, shi ne kuma ya jawo masa masifa, domin manyan jiragen yaƙi na iya shiga su fake a ciki.

Babu kowa a tsibiran sai a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Faransawa suka kafa gonakin kwakwa suka kawo bayi daga Madagaska da Mozambik. A 1814 Faransa ta miƙa Mauritius da duk tsibiran da ke ƙarƙashinta ga Birtaniya. Aka soke bauta a 1835, 'yantattun bayin suka zauna, daga baya ma'aikata daga Indiya suka zo aka cuɗanya. A haka al'umma ta tashi, da harshenta na Kiriyol, da kiɗanta, da coci, da maƙabarta. Suna fasa kwakwa ana matse mai, suna kamun kifi, suna kiwon kaji da agwagi. Ba aljanna ba ce: kamfani ne ke da gonakin, albashin kuma ƙalilan ne. Amma gida ne, kuma zuriya bayan zuriya an haihu a can an mutu a can.

Da aka shiga shekarun 1960, Amurka na neman wurin kafa sansani a Tekun Indiya, kuma tana son tsibirin da ba mutane. A watan Satumban 1965, ana tsakiyar tattaunawar 'yancin kan Mauritius a Landan, aka matsa wa jagoranta Seewoosagur Ramgoolam, mahaifin wanda ya sa hannu a 2025, ya yarda a cire Chagos. Aka ba Mauritius fam miliyan 3. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar Birtaniya ta ƙirƙiro sabon yankin mulkin mallaka da tsibiran, alhali tun 1960 Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana a yayyanka ƙasa kafin a ba ta 'yanci. A ƙarshen 1966 aka ba Amurka damar amfani da wurin na shekara 50, ita kuma ta yi wa Birtaniya rangwamen dala miliyan 14 a kuɗin makamai masu linzami na Polaris.

Saura mutanen. Idan aka yarda cewa akwai 'yan ƙasa a tsibiran, dole Birtaniya ta riƙa ba Majalisar Ɗinkin Duniya bahasi a kansu. Sai aka shirya ƙarya: wai ba su da asali a wurin, 'yan ƙwadago ne da suka zo daga Mauritius da Seychelles. Takardun ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya da aka buɗe daga baya sun nuna jami'an sun san ƙarya suke yi. Ɗaya daga cikinsu, Denis Greenhill, a 1966 ya rubuta kalaman raini yana kwatanta su da 'yan tsirarun mutanen daji da ba a san asalinsu ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, su kuwa da wulaƙanci suka naɗe tasu.

Yadda aka yi korar shi ne abin da ba na iya karantawa ba tare da zuciyata ta ɓaci ba. Tun daga 1968, wanda duk ya tafi Mauritius neman magani ko sayayya, in ya je sayen tikitin komawa sai a ce masa babu jirgi, an sayar da tsibirin. Haka ya faru da iyayen Olivier Bancoult, wanda daga baya ya jagoranci gwagwarmayar mutanensa. Sun kai 'yar'uwarsa asibiti ne yana ɗan shekara huɗu, yarinyar ta rasu, su kuma aka hana su komawa. Waɗanda suka rage a tsibiran aka rage musu kayan abinci da magani. A 1971, bisa umarnin Bruce Greatbatch, gwamnan Birtaniya a Seychelles, aka tattara karnukan Diego Garcia aka kulle su a rumbun busar da kwakwa aka kashe su da hayaƙin mota, masu su na ji suna gani. Kowa ya fahimci saƙon. Aka loda mutane a jirgin dakon kaya, kowa da abin da zai iya ɗauka a hannu, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Port Louis, babban birnin Mauritius, da kuma Seychelles. Zuwa 1973 ba a bar ko mutum ɗaya ba, daga cikin mutum 1,500 zuwa 2,000.

Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗannan ba su bar gida ba, fizge su aka yi. Suka ƙare a unguwannin marasa galihu na Port Louis, ba aiki, ba sana'ar da suka iya da ake bukata, ga ƙyama daga 'yan gari. Suna da kalma a harshensu, sagren, baƙin cikin rabuwa da gida, kuma sun ce ita ta kashe musu tsofaffi da dama. Diyyar fam 650,000 da Birtaniya ta bayar a 1972 ba ta shiga hannunsu ba sai a wajen 1978. An ƙara fam miliyan 4 a 1982, amma sai da aka sa su dangwala yatsa a takardun yafe haƙƙi da akasarinsu ba su iya karantawa ba.

A wannan shekarar ta 1982 ɗin ce Birtaniya ta tura rundunar jiragen yaƙi zuwa kudancin Tekun Atlantika don ƙwato tsibiran Falkland daga Ajantina. Sojan Birtaniya 255 suka mutu, na Ajantina 649, da mazauna uku. Dalilin da aka bayar shi ne mutanen tsibiran, kusan 1,800 a lokacin, suna da 'yancin zaɓar wanda zai mulke su. A 2013 aka yi musu ƙuri'ar raba gardama, 1,513 suka zaɓi zama da Birtaniya, uku suka ƙi. Ba ni da ja a kan a tambayi mutanen Falkland, daidai ne a tambaye su. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne adadin: kusan mutum 1,800 a can, kusan hakan a nan, gwamnati ɗaya, zamani ɗaya. Waɗancan jikokin Turawa ne, aka zubar da jini don kada a taɓa musu gida. Waɗannan jikokin bayi ne, aka kashe musu karnuka aka zuba su a jirgin kaya. Na nemi wani bambanci tsakaninsu ban da launin fata, ban samu ba.

Me ya sa manyan ƙasashe ke maƙale wa ɗan tudun da wani lokaci ko gonar gero ba zai ɗauka ba? Dalili ɗaya soja ne. Daga Diego Garcia jirage suka tashi suka yi ruwan bama-bamai a Iraƙi a 1991 da 2003, da Afghanistan a 2001, kuma a 2008 sakataren harkokin wajen Birtaniya David Miliband ya amsa cewa jiragen Amurka biyu ɗauke da fursunoni sun sha mai a can a 2002. Dalili na biyu ruwa ne. Dokar teku ta 1982 ta ba ƙasa ikon cin arzikin ruwa har mil 200 na teku daga gaɓarta, wajen kilomita 370. Ka zana da'ira mai wannan nisa ta kowane gefe kewaye da ɗan tsibiri guda, za ka sami kusan rabin faɗin Najeriya, da kifinsa da man da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa Faransa, albarkacin tsibiranta da ke warwatse a tekuna, take da ruwan da ya haura murabba'in kilomita miliyan 10. Shi ya sa Sin ke zuba yashi da kankare a kan duwatsun teku tana mai da su tsibirai. A irin wannan lissafi, mutumin da ke zaune a kan tsibirin ko dai hujja ce da za a kafa da shi, ko kuma cikas ne da za a kawar.

Mutanen Chagos ba su zauna sun rungume hannu ba. A shekarar 2000 babbar kotun Landan ta ce korarsu haramun ce. A 2004 gwamnati ta bi ta bayan gida, ta fitar da umarni da sunan Sarauniya ba tare da an kai majalisa ba, ta sake hana su komawa. A 2008 alƙalan majalisar dattawa uku cikin biyar suka goyi bayan gwamnati. A 2010 aka ayyana ruwan Chagos a matsayin wurin kare halittun teku, aka hana kamun kifi, sannan wata wasiƙar diflomasiyyar Amurka da WikiLeaks ta fallasa ta nuna wani jami'in Birtaniya na cewa hakan zai toshe hanyar komawar mutanen. Daga ƙarshe Mauritius, da goyon bayan Tarayyar Afirka, ta sa babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ra'ayin Kotun Duniya da ke Hague. Wata dattijuwa, Liseby Elysé, ta ba da shaida ta faifan bidiyo, ta faɗi yadda aka ɗauke ta daga Peros Banhos, ɗaya daga rukunin tsibiran Chagos, tana da ciki, ta rasa abin da ke cikin. Ranar 25 ga Fabrairun 2019, ƙarƙashin shugabancin alƙali Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya, kotun ta ce da rinjayen 13 da 1 Birtaniya ta tattara nata ya nata ta fita. A watan Mayu babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya mara wa ra'ayin kotun baya da ƙuri'a 116, shida kacal suka ƙi.

Hawayen Liseby sun taimaka wajen cin shari'ar, amma shari'ar ta Mauritius ce. Kotun Duniya ƙasashe kaɗai take saurare. Da aka zo zaman sulhu, gwamnatoci biyu ne suka zauna. Abin da aka ware wa masu garin shi ne asusun fam miliyan 40, da alkawarin da bai ɗaure kowa ba, domin takardar cewa ta yi Mauritius na iya mayar da su, ba ta ce dole ta mayar da su ba.

Kada mu ɗauka wannan labarin nesa ne. Mu 'yan tudu ne, amma muna da tsibiranmu, har da sunayensu a bakinmu: gungu a kogin Kwara, tumbu a Tafkin Chadi. Lokacin da tafkin ya fara janyewa a shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma, Hausawa da Barebari da Shuwa da sauransu, suka bi ruwa gabas. Ruwa bai san iyaka ba, mai koma da taru shi ma inda kifi yake ya sani. Suka kafa garuruwa, babba a cikinsu Darak, Najeriya kuma ta bi su da makarantu da 'yan sanda da masu karɓar haraji. A 1983 har an gwabza tsakanin sojan Najeriya da na Chadi a kan wasu tsibiran tafkin, Muhammadu Buhari na jagorantar rundunar Jos. Kamaru kuwa kotu ta tafi a 1994. Ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ce layin da Ingila da Faransa suka shata a 1919, suka tabbatar a 1931, shi ne iyaka, Darak na Kamaru ne. Bakassi ma ta ba Kamaru, bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. A ƙarshen 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da talatin a yankin tafkin.

Haka a kogin Kwara kusa da Gaya. Tsibirin Lete, inda makiyaya daga Nijar da manoma daga Benin suka daɗe suna haɗuwa, ya jawo zubar da jini tun 1960. A watan Yulin 2005 kotun ta bi inda ruwa ya fi zurfi ga jirage, ta duba takardun jami'an Faransa, ta raba tsibirai 25: goma sha shida ga Nijar, har da Lete, tara ga Benin.

Na san abin da wani zai ce mini: to ai kai ma kana so a bar mazauna su zaɓi ƙasa, ke nan Darak ya zama na Najeriya. A'a. Da za a bar zama ya haifar da mallaka, da kowane fari ya sake zana taswirar Afirka, kuma ƙasa mai yawan jama'a ta riƙa tura mutanenta tana cinye maƙwabta gona bayan gona. Shugabannin Afirka sun hango wannan a Alƙahira a 1964 da suka yarda a riƙe iyakokin da aka gada, duk da muninsu. Dubi Mayotte, ɗaya daga tsibiran Komoros huɗu: Faransa ta ƙirga ƙuri'ar 1974 ta 'yancin kai tsibiri-tsibiri maimakon a dunƙule, ta riƙe shi, ta bar Komoros da ƙafa uku, kuma har yau mutane na nutsewa a kwalekwale tsakanin Anjouan na Komoros da Mayotte, dangi na neman dangi. Saboda haka ina ganin Obasanjo ya yi daidai da ya bi hukuncin kotu, ko da yake ya yi ɗaci. Yaƙi da Kamaru da ya ci rayukan da babu tsibirin da zai biya.

Abin da nake cewa daban ne. Tuta abu ɗaya ce, zama abu ne dabam, kuma bai kamata sauya ta farko ta taɓa na biyu ba. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Sarauta na iya barin wani gida ta koma wani, amma ba a taɓa jin an ce wa manomi ya bar gonarsa ta gado don an naɗa sabon sarki ba. Haraji ne zai sauya hannu. Yarjejeniyar Greentree ta 2006, wadda Obasanjo da Paul Biya suka sa wa hannu a gaban Kofi Annan, ta gane haka: ta ɗora wa Kamaru kada ta kori 'yan Najeriya daga Bakassi, kada ta tilasta musu sauya ƙasa, ta mutunta dukiyarsu da kamun kifinsu. Aiwatarwar ta yi rauni, mutane da yawa sun tashi, kuma koke-kokensu kan matsuguni bai ƙare ba. Duk da haka an rubuta haƙƙin a matsayin wajibi. Yarjejeniyar Chagos, wadda ta zo bayan shekara 19, ko wannan ba ta kai ba.

Mu ma muna da namu alhakin, kuma ba sai Bature ya zo ba. A 1968, shekarar da aka fara hana mutanen Chagos tikitin komawa gida, ruwan madatsar Kainji ya hau ya shanye tsibiran kogi a ƙasar Yawuri da Borgu. Aka tashi mutum fiye da dubu 40, ciki har da Gungawa, waɗanda sunansu ma a Hausa daga gungu ya fito. An gina musu sababbin garuruwa, wannan gaskiya ne, kuma ƙasa na bukatar wuta. Amma wanda ya iya noman albasa da shinkafa a laka ta tsibiri, ka ɗora shi a kan tudu, ka karɓe masa fiye da ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe da ake tambaya.

Hujjar da ake kafawa a Diego Garcia ita ce tsaro, wai farar hula ba za su zauna kusa da sansani ba. Ban yarda ba. Sansanin na gefen yamma ne, gefen gabas inda tsohon garin East Point yake ba kowa sai kangon coci da itatuwan kwakwa. Dubban ma'aikata farar hula, akasarinsu daga Filifins, suna zaune a tsibirin suna dafa wa sojoji abinci suna yi musu wanki. A Guantanamo, a Okinawa, a Jibuti, sansanonin Amurka na maƙwabtaka da jama'a. Masu yawon shaƙatawa a ƙananan jiragen ruwa sun sha samun izinin yada zango a tsibiran Salomon da Peros Banhos na Chagos. Wanda aka haifa a wurin ne kawai ya zama haɗari.

Abin da ya kamata Tarayyar Afirka ta nema, tunda ita ta tsaya wa Mauritius a Hague, shi ne a mayar da "na iya" ta zama "dole", a sa lokaci, a ware wani kaso sananne na kuɗin hayar don gina rijiyoyi da makaranta da asibiti da tashar jirgi a Peros Banhos da Salomon, a buɗe gabashin Diego Garcia, kuma 'yan Chagos na Mauritius da Seychelles da garin Crawley na Ingila su zauna a kujerar yanke shawara da wakilan da suka zaɓa da kansu. Ba bakinsu ɗaya ba: wasu na goyon bayan Mauritius, wasu sun fi son Birtaniya, wasu ba su amince da kowa ba. Wannan ba dalilin ƙin tambayarsu ba ne, kowace al'umma haka take.

Lokaci kuma ba ya jira. Wanda aka ɗauke yana goye a 1973 yanzu ya haura shekara hamsin, waɗanda suka san inda rijiya take da inda kabarin wane yake kuwa 'yan kaɗan suka saura. A watan Fabrairun 2022 wani jirgi da Mauritius ta yi haya ya kai biyar daga cikinsu Peros Banhos, karo na farko ba tare da rakiyar jami'an Birtaniya ba. Olivier Bancoult na ciki, Liseby Elysé na ciki. Jami'an Mauritius suka kafa tuta suka rera taken ƙasa. Su kuwa biyar ɗin suka durƙusa suka sumbaci yashi, sannan suka shiga kangon cocin da aka yi wa wasunsu baftisma suna tumɓuke itatuwan da suka tsiro a ciki, suka wuce maƙabarta suka share kaburbura. Bayan 'yan kwanaki aka kira su su hau jirgi.